Minti Goma a Littafin Aiki

Ranar da na kai wa Farfesa takardar neman sauyin wurin aiki, sai da ya yabe ni har na fara jin tsoro. Shekara ashirin da ɗaya ina aiki a ƙarƙashinsa a ɗakin gwaje-gwajen nan, na san halinsa sarai. Idan zai ba ka abu, a tsaye yake sa hannu, ko kallonka ba ya yi. Idan zai hana ka, sai ya ce ka zauna, ya aika a kawo maka ruwan sanyi.

Ya ce, "Malama, ke ce ginshiƙin wannan ɗaki. Ko a taro na tashi sai na faɗa."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Mahaifiyata ce ta tsufa. Bara ta faɗi a banɗaki, tun daga nan gwiwa ta ƙi. Ƙanena direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba, matarsa kuma ga yara."

"Allah ya ba ta lafiya. Sha ruwa mana."

Na sha ruwa. Cibiyarmu tana da ɗan reshe a garinsu Inna, tafiyar wuni guda daga nan, inda ake gwajin ruwan famfo. Ba aikin a zo a gani ba ne, ba wanda ke rububinsa. Can nake so a mai da ni in ƙarasa shekara huɗun da suka rage mini kafin ritaya. Sa hannun mutum ɗaya kawai ake buƙata, shi ne kuma yake zaune a gabana yana juya takardar kamar yana neman inda ta yage.

Can ya ce, "Ba zan hana ki ba, Allah ya sani. Amma wa zai yi mana falle? Ga sharaɗina, kuma zan rubuta shi don kada a ce na canja magana. Ranar da wani ya fitar da falle mako uku a jere, ba hannunki a ciki, ranar zan sa hannu."

Ya rubuta kuwa, ya buga hatimi, ya ba ni kwafi guda.

Abin da muke yi farin gari ne, in ka gan shi a kwalba sai ka ce alli aka daka. Sunansa ziyolait, amma ba mai kiransa haka sai in baƙi sun zo. Kowace ƙwayarsa cike take da ƙananan ramuka a jere, waɗanda ido ba ya gani. Masu tace mai suna zuba shi a injinansu, sinadari ya bi ta ramukan nan ya fito ya zama wani abu dabam, shi kuwa garin yana nan yadda yake, ko a jikinsa. Shi ya sa muke ce masa ɗan zuga. Matsalarsa ɗaya. In ƙwayar ta yi kauri, hanyar ramin ta yi tsawo, baƙar dauɗa ke toshe ta, kwana kaɗan garin ya mutu. In ta fito siririya, sinadari ya shiga nan ya fita nan, sai ta daɗe tana aiki. Mai kaurin muna ce masa bulo, siririn kuma falle. Sai ka jera falle dubu ashirin kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Bulo kowa ya iya. Falle kuwa, a ginin nan kaf, shekara shida ke nan daga hannuna kaɗai yake fitowa. Da hotunansa Farfesa ya zaga ƙasashe, da su aka yi masa ƙarin girma, da su aka sayo mana sabon tanderun lantarki. Ni kuma aka ba ni takardar yabo mai firam, da laƙabin Uwar Tukwane.

Kuma ba wani asiri a ciki, ko dai haka na ɗauka. Komai yana rubuce a littafin aiki, shafi ɗaya tak. Litinin da safe a haɗa ruwan soda da narkakken yashi da ɗan alminiyam, a zuba wani irin sabulu mai dogon wutsiya wanda ke zama a fuskar ƙwayar ya hana ta kauri. A ɗora kwaɓin kan injin juyawa minti goma. A zuba a tukwanen ƙarfe masu girman kofin shayi, a ɗaure murafe tamau, a sa a tanderu kwana huɗu. Juma'a a buɗe, a wanke, a shanya, a ƙone sabulun. Talata hoto ya dawo daga babban madubin duba ƙananan abubuwa da ke hawa na ƙasa, a ga abin da Allah ya yi.

Ni bakwai da rabi nake zuwa, sauran sai tara. Ƙarfe takwas daidai na ɗora kwaɓi kan inji, ƙarfe takwas daidai kuma Inna take kirana, kullum ta Allah. A ƙofar ɗakin akwai sanarwa da sa hannun Farfesa cewa an haramta amfani da waya a ciki, amma da ƙarfe takwas daga ni sai sanarwar. Sai in maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa in kama wanke kwalabe. Inna ta ɗauko daga gwiwa, ta bi ta kan surukarta da ba ta san ƙimar gishiri ba, ta gangaro kan maƙwabcin da tantabarunsa ke ɓata mata shanya, ta lissafo wanda ya rasu da wanda ya kamata a ce ya je gaisuwa bai je ba. Ni dai nawa in amsa a inda ta ja numfashi. Zuba kwaɓi a tukunya aikin hannu biyu ne da ido biyu, don ruwan soda ba ya wasa da fata, saboda haka sai ta yi sallama nake zubawa. Sannan in buɗe littafi in rubuta: an juya minti goma.

Na san kun riga kun gane. Kuna zaune hankali kwance, an jera muku abin a layi ɗaya. Mu da muke cikin ɗakin, da digiri bakwai tsakanin mutum biyu da ni mai difloma a gefe, wata biyar muka yi muna nema. Kowa idonsa na kan kwana huɗun tanderu, inda zafi yake, inda ake ganin aiki. A tafiyar kwana huɗu wa zai tsaya tambayar rabin awa? Juyawa ai juyawa ce. Ban taɓa ɗaukar abin da nake rubutawa a matsayin ƙarya ba. Littafi ya ce goma, ni kuma ban taɓa yin ƙasa da goma ba.

Wanda aka ɗora wa koyon aikin shi ne Dakta, sabon ɗauka, magidanci mai 'ya'ya uku da ya yi shekara takwas yana karatu a waje. A bayan idonsa Dakta Awo muke ce masa, don ko ruwan shayi zai dafa sai ya auna. Mutumin kirki ne, sai dai kirkinsa ma a aune yake. Ya karɓi littafina ya bi shi layi-layi, da agogon ƙidayar minti rataye a wuya. Talata hoto ya dawo: bulo, manya-manya, masu kusurwa huɗu, kyawawa abinsu.

Ya ce ƙila ruwa ne, ya yi da ruwan tuluna. Bulo. Ya yi da kwalaben da nake ɗiba, a kan teburina, da tukwanena. Bulo. Ya ce ƙila ƙarfin ɗaure murfi ne, ya sa na ɗaure guda goma ya auna ƙarfin hannuna da wata na'ura, ya rubuta. Ya ari safar hannuna. Wata Litinin na shigo na tarar da shi tsaye a kan ɗan katakon da nake takawa saboda gajartata, ya ranƙwafa, wai don ya zuba daga tsayin da nake zubawa. Ban yi dariya ba, don takardata ce a hannun mutumin nan. Duk bulon da ya fitar, ni aka ƙara wa mako guda.

Duniya kowa na fafutukar a ce in ba shi ba aiki ba zai tafi ba. Ni kullum addu'ata Allah ya nuna wa mutanen nan ba ni da wani amfani.

Da abin ya ƙi, Farfesa ya ce a kafa mini kyamara. Suka zo su biyu da bakwai da rabi, abin da ban taɓa gani ba, har Farfesa da farar riga mai karin guga. Na kashe wayata tun daga bakin ƙofa na jefa a jaka. Na haɗa kwaɓi, Dakta ya danna agogo, minti goma cif na sauke na zuba. Talata hoto ya dawo, Farfesa ya kira ni ofis. Wannan karon ba ruwan sanyi.

Ya tura mini hoton. Bulo ne, daga hannun Uwar Tukwane.

Ya ce, "Malama, ni ba yaro ba ne. In ba kowa ki yi falle, in an zuba miki ido ki yi bulo. Akwai abin da kike ɓoyewa. Na san irin wannan, ma'aikaci ya riƙe sirrin aiki don kada a iya rabuwa da shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce fa nake roƙo a rabu da ni."

Ya dube ni. Na ga alamar maganar ta shiga, ta duba ba wurin zama, ta fito. Ya ce, "Wannan ma wata dabara ce."

A banɗakin mata na yi kukana ranar, na takaici, na wanke fuska na koma wanke tukwane. Sau uku aka kafa mini kyamara, sau uku na yi bulo. A makonnin da aka ƙyale ni kuma falle ya fito, ko da yake ni kaina na lura ba ya kai na da kyau. Na ɗauka damuwa ce ta sauko mini hannu.

Dakta ne ya ɗauki abin da zafi. Ya sauka hawa na ƙasa ya kwaso duk hotunan aikina na shekara biyu, ya zauna yana auna kaurin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi ja. Wata Laraba da hantsi ya kira ni teburinsa ya shimfiɗa wata doguwar takarda da ya manna da gam. Kwanan wata a ƙasa, kauri a gefe, kowace Litinin da ɗigonta.

Ya ce, "Malama, duba nan. Wata goman farko layin a kwance yake, falle sirara. Daga nan ya fara hawa, a hankali, a hankali. Wata goma sha huɗu ke nan aikinki yana ƙara kauri. Na duba tanderu, na duba kamfanin da ke kawo sabulu, na duba har zafin gari. Ba abin da ya canja."

Na sunkuya ina kallo don in nuna ladabi. Ya ɗora biro kan wani ɗigo da ya yi tsalle sama shi kaɗai.

"Wannan makon, bulo sosai. Kin tuna abin da ya faru?"

Na duba kwanan watan. Makon da Inna ta faɗi ne. Ranar Litinin ɗin matar ƙanena ce ta kira, ta ce suna asibiti, ta kashe.

"Wannan kuma," ya matsa gaba wata huɗu, "ana cikin hawa sai ga falle mafi siranta da aka taɓa yi a ginin nan. Mako ɗaya kawai. Sai ya koma hawa."

Wannan ma na san shi. Makon da maƙwabci ya sare bishiyar da ke ba tsakar gidan Inna inuwa ne. Ranar sai da kunnena ya yi zafi, na canja kafaɗa sau uku, na wanke kwalaben da na riga na wanke.

Na koma kujerata na ciro wayar daga jaka, a tsakiyar ɗakin, gaban sanarwa da kowa. Na buɗe jerin kira na bi Litinin-Litinin ina komawa baya. Bara war haka, minti hamsin da biyu. Arba'in da takwas. Bayan faɗuwar, arba'in. Talatin da biyar. Talatin da ɗaya. Wata uku da suka wuce, ashirin da biyu. Watan jiya, goma sha tara. Shekaranjiya, goma sha huɗu.

Matar da in ta fara magana sai batir ya yi kuka, ita ce ta dawo minti goma sha huɗu, ni kuma ban lura ba. Ƙarya nake, na lura. Na lura har na ji daɗi. Na tuna wata safiya da na ajiye wayar na ce a raina, alhamdu lillahi, Inna ta fara rage surutu. Sai yanzu na tuna yadda take tsayawa a tsakiyar magana, shirun da nake ɗauka wurin amsawata ne. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo bayanta.

Na kai wa Dakta wayar na ajiye kan takardarsa. Na gaya masa komai: ƙarfe takwas, kafaɗa, kwalabe, minti goman littafi. Ya ja sabuwar takarda, ya kwafe mintocin, ya sa su a ƙasa, kauri a gefe. Ɗigogin suka jeru a layi ɗaya kamar an ja da zare.

Ya ce, "Ma sha Allah! Malama, shekara goma sha biyar ina wannan aiki ban taɓa ganin layi mai kyan wannan ba. Dubi yadda ya sauko, ko ɗaya bai kauce ba! Sabulun ne yake buƙatar lokaci ya jeru kafin zafi ya..."

Ya ɗago ya ga fuskata. Ya sake duban layin, daga dama zuwa hagu wannan karon. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Subhanallah. Yi haƙuri, Malama. Shekarunta nawa?"

"Saba'in da shida."

"Tashi mu je wurin Farfesa."

Farfesa ya saurare mu yana taɓa gemu. Abu biyu suka dame shi, kuma Inna ba ta cikinsu. Na farko, sanarwarsa ta bakin ƙofa. Na biyu, takardu biyar da aka buga da sunansa a sama, kowace ta ce minti goma, kuma mutane a ƙasashe da dama sun yi ta rubuto masa wasiƙa cewa sun gwada sun sami bulo, shi kuma yana ba su amsa cewa su gyara hannunsu. Ya tashi ya je taga ya dawo. Kafin ya zauna fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Wannan ai ba kuskure ba ne. Sabon bincike ne. Mun gano tasirin tsawon lokacin juyawa a kan kaurin ƙwaya, bayan nazarin shekara biyu. Dakta, ka fara rubutawa. Ba sai an ambaci waya ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, takardata fa?"

"Sharaɗi yana nan yadda na rubuta shi. Mako uku a jere. In na karya abin da na sa wa hatimi, gobe wa zai ji maganata? Ki tsaya ki sa ido a kan Dakta har ya kammala."

Mako uku. Na yi lissafin da ban so yi ba: daga goma sha tara zuwa goma sha huɗu wata guda ne. Na buɗe baki ban san me zai fito ba, ƙila abin da zai cinye mini shekara ashirin da ɗaya a zama ɗaya. Dakta ya riga ni.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai matsala a nan ta fuskar ilimi. Sharaɗin ya ce ba hannunta a ciki. In tana cikin ginin, masu bitar takardar binciken za su ce ta taɓa wani abu, ko ta yi mini ishara. Gwajin ba zai inganta ba sai in ba ta nan gaba ɗaya. Ni a ganina ma kada ta kasance a garin."

Ya faɗi wannan fuskarsa a ɗaure, ko ƙifta ido bai yi ba. Farfesa ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka tuna masa abin da shi ma yana gab da faɗa.

"Dama abin da nake tunani ke nan. Malama, kada ki ji wani abu, ba don ba mu yarda da ke ba ne. Daga gobe an hana ki shiga wannan gini har mako uku."

A tsaye ya sa hannu a wannan, ko kallona bai yi ba. Na ce na gode, na yi ƙoƙarin kada godiyar ta yi yawa.

Washegari na shiga motar farko. Wuni guda ina zaune a kujerar taga da jaka a cinya, tsoron jiya ya narke ya zama fushi, don fushi ya fi sauƙin ɗauka a mota. Kullum sai na ce mata, Inna ya jiki, kullum sai ta ce da sauƙi. Ƙanena bai faɗa mini ba, matarsa ba ta faɗa mini ba. Sai da wani baƙo ya auna ƙwayoyin alli da rula sannan na san halin da uwata take ciki. Na shirya maganata tsaf, na maimaita ta a kowane gari muka tsaya.

La'asar sakaliya na isa. Tsakar gidan ya yi fayau ba bishiyar, rana ta kwanta har bakin ƙofar ɗaki. Matar ƙanena tana kwashe shanya, ta saki kwandon ta taho.

"Yaya! Ba ki ce za ki zo ba."

"Tana ina?"

"Tana ciki. Yaya, ki shiga a hankali, yanzu ba ta son hayaniya. Da safe ne take da ɗan ƙarfi. Tun bakwai nake tayar da ita in jingina ta da matasai, ta sha magani, ta zauna shiru tana tara numfashi har takwas ta yi. In ta gama waya da ke kuma sai azahar take sake magana."

Ɗakin yana nan yadda na san shi, gadon ƙarfe, akwatuna uku a jere, kalandar shekarar da ta wuce ba a cire ba. Sabon abu shi ne ledar magunguna a kan kujera, da matasai huɗu a bayan Inna. Ta rame ta ko'ina sai ƙafafu, su kuma sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ina daga bakin ƙofa ina jin numfashinta.

Ta buɗe ido ta dube ni sama da ƙasa.

"Korar ki suka yi?"

"A'a, Inna. Hutu aka ba ni."

"Uhm. Kin yi baƙi."

Na zauna a bakin gadon na ɗauki ledar ina duba kwalayen. Ni ba likita ba ce, amma shekara ashirin da ɗaya ina karanta jikin kwalabe. Ba maganin gwiwa ko ɗaya a ciki. Duk na zuciya ne, da na fitar da ruwa daga jiki. Maganar da na shirya a mota ta taso gaba ɗaya.

"Inna, me ya sa za a yi mini haka? Ni ce babba. Ciwon zuciya guda, wata da watanni, a ce ba wanda ya gaya mini? Kullum muna waya, kullum! Me ya sa kika ɓoye mini?"

Ta bar ni na gama. Ta ja numfashi sau biyu, ta tara abin da za ta kashe.

"Na gaya miki."

"Yaushe?"

"Ranar da muka dawo daga wurin likita. Na ce miki ya ce zuciyar ta kumbura, ba ta turawa." Ta huta. "Kika ce, to Inna, sai haƙuri, halinta ne. Na ji kin buɗe famfo."

Amsar da nake ba ta ke nan in ta kawo ƙarar surukarta. Matar ƙanena da ke tsaye bakin ƙofa ta sunkuyar da kai ta koma waje.

"Na sake faɗa bayan mako biyu. Kika ce Allah ya kyauta." Ta sake hutawa, ta fi ta farko daɗewa. "Sai na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa. Na koma ba ki labarin tantabaru."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, da ma faɗan ta yi. Ta lalubo hannuna a kan zanen gado ta riƙe, nata ba nauyi ko kaɗan.

Na ce, "Inna, sake gaya mini. Daga farko, duk abin da likitan ya ce. Ina ji."

Ta rufe ido.

"Yau na gama nawa," ta ce. "Sai da safe, in Allah ya kai mu."

Na zauna a wurin riƙe da hannunta, ina sauraron numfashin yana shiga yana fita, har matar ƙanena ta leƙo ta tambaya ko a kawo mini ruwa.